Labarin Likita Hubel Da Idon 'Yar Kyanwa

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a Babbar Kasuwa ta Katsina, ya ga an fasa kan rago an ɗaga ƙwaƙwalwa, zai ga waɗansu fararen jijiyoyi biyu sun taso daga bayan idanu, sun gamu a ƙarƙashinta sun gitta wa juna. Mahauci yakan yanke su ya wuce. To, a kan neman inda jijiyoyin nan suke kai saƙo waɗansu masana suka ƙare rayuwarsu.

Tun dauri, Shehin malami Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra shekara ta 354 Hijiriyya, ya rasu a Alƙahira wajen 430, ya kafa hujja cikin Kitabul Manaziri cewa ba daga ido haske yake fita ba, shiga yake yi, kuma gani ba ya cika sai abin ya isa ƙwaƙwalwa. Amma yadda take karanta shi, wannan sai bayan shekara ɗari tara aka leƙo.

David Hubel mutumin Kanada ne, an haife shi 1926 Miladiyya, ya koyi likitanci a Jami'ar McGill. Yana da hannun maƙera, don shi ya ƙera wata 'yar waya mai tsinin gaske, wadda ake sokawa cikin ƙwaƙwalwa a saurari ƙwaya guda tak daga cikin ƙwayoyinta. A 1958 ya gamu da Torsten Wiesel, mutumin Suwidin, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wajen malaminsu Stephen Kuffler. Da shekara ta kewayo suka koma Harvard, suka yi shekara ashirin suna aiki tare.

Sukan sa wa kyanwa maganin barci, idanunta a buɗe, su soka wayar nan ta wajen ƙeya, inda ma'ajiyar gani take, su haɗa ta da na'ura mai ƙara. Ran nan suka yi ta haska mata ɗigo da wani abu irin majigi, awa da awa, ƙwayar ta yi shiru. Can, garin zura gilashin, sai inuwar gefensa ta gitta kamar zare, na'ura kuwa ta ɓarke da ƙara kamar ana tuyar gugguru. Ashe ba ɗigo take so ba, layi take so, kuma mai karkata iri guda. Wata ƙwaya sai layi tsayayye kamar alif, wata sai kwantacce, wata sai mai jirkice kamar wasali, ga su an jera sahu-sahu. Watau ƙwaƙwalwa ma da babbaƙu take fara karatu.

Abin da ya fi shafar talaka shi ne wanda suka bayyana a 1963. Suka ɗinke fatar ido ɗaya na 'yar kyanwa sabuwar haihuwa, bayan kamar wata uku suka buɗe. Ido lafiya lau, ba tabo, amma ba ta gani da shi, don ƙwayoyin da aka tanada masa sun koma wa ɗan'uwansa. Babbar kyanwa kuwa, ko an rufe nata wata da watanni, ana buɗewa tana gani. Daga baya suka gane haɗarin ya fi tsanani tsakanin mako na 4 da na 8.

Lalle ɗinke idon dabba ba abin wasa ba ne, kowane almajiri ya san narkon da ya zo a kan matar da ta tsare kyanwa. Har a ƙasarsu an yi ta sukar irin wannan aiki. Amma amfanin da ya fito bai ɓuya ba.

Dattijon da yana ta rufe masa ido, ko ya shekara biyar a duhu, in likita ya cire ta yakan gani, don ƙwaƙwalwarsa ta riga ta sauke karatu. Jariri ba haka ba ne. In an haife shi da fari a tsakiyar baƙin ido, uwa ta ce a bari ya yi ƙwari, ana ta rambaɗa masa kwalli, to kowane mako ƙofa ƙara rufuwa take yi. In ya kai shekara bakwai ko takwas, ko an yi aiki ido ya washe, ganin ba ya komowa sosai. Saboda binciken mutanen nan likitoci suka koma yi wa jarirai aikin yana tun cikin makonnin farko. Farin nan kuma wani lokaci ba yana ba ne, ciwon daji ne, saboda haka asibitin ido ya kamata a nufa, ko a nan Katsina, ko babban na ƙasa da ke Kaduna.

Haka yaro mai harara-garke: likita yakan manne lafiyayyen idon awoyi kaɗan kullum, don a tilasta wa raggon aiki. Iyaye da yawa sukan ɓanɓare mannin don tausayi.

A 1981 aka ba Hubel da Wiesel kyautar Nobel, tare da Roger Sperry. Hubel ya zauna a Harvard yana bincike da koyarwa, har ya mutu cikin watan Satumba 2013, yana da shekara 87.

Tammat.