Ɗaukar hoto: a fara daga ƙofar gida

A cikin watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Hotunan ɓaraguzansa sun bazu cikin wayoyin salula daga Agadas har Gaya. To, amma ƴan uwa masu karatu, mu tambayi kanmu: mutum nawa ne, daga cikin waɗanda suka yi shekara da shekaru suna wucewa ta gabansa, suka taɓa tsayawa suka ɗauki hotonsa yana tsaye, da ƙofofinsa da ginshiƙansa? Abin da ido ya saba gani kullum, shi ne hannu ya fi jinkirin ɗauka.

Ba yau aka fara irin wannan rashi ba. Dattawa suna tune da itacen Tenere, itacen ƙaya guda tak da ya tsaya shi kaɗai a cikin hamada, babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. Ayarin gishiri masu zuwa Bilma da shi suke gane hanya. A shekarar 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya faɗi, aka kwaso gangar jikinsa zuwa gidan kayan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk wanda yake son ganin siffarsa da ganyensa a yau, sai dai ya dubi hotunan da matafiya suka ɗauka, kuma da yawa daga cikinsu ba sana'arsu ba ce hoto. Haka nan babbar kasuwar Yamai wadda gobara ta cinye a 1982: wadda muke shiga yanzu wata ce daban.

A zamanin fim, hoto yana da tsada. Fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, sai mutum ya kai wa mai wanki, ya jira kwanaki, ya biya, sannan ya ga ko an dace. Saboda haka ba a ɓarnatar da shi sai ranar suna ko biki ko hawan salla, kowa ya sa riga mai aiki ya ƙame kamar soja. Yau kuwa ɗan lakkwal ma yana iya ɗaukar ɗari kafin azahar ba tare da ya kashe ko dala ba. Sai dai idan ka duba wayoyinmu, fuskokinmu ne suka cika su, a gaban mota ko a bakin gadar Kennedy. Da wuya ka tarar da rumbun tsaba ana yaɓa shi, ko shanu suna jan guga a rijiya, ko maƙeri a bakin zuga-zugi, ko mata suna sussuka bayan girbi. Ga shi kuwa waɗannan su ne ke canzawa a hankali ba tare da an sanar da kowa ba: kwano yana maye gurbin azara, injin niƙa yana maye gurbin turmi.

Wanda ya yi niyyar gyara hannunsa, abu na farko da zai koya shi ne haske. Ranar ƙasarmu tana da ƙarfi, kuma da tsakar rana takan sauko daga bisa kai, ta bar inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin hula da rawani, har ba a gane fuska. Lokacin da ya fi kyau shi ne da hantsi kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar, sa'ad da jan ginin ƙasa yake fito da launinsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda take cikin tsohon garin da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan gadon duniya a 2013, da yamma ne sandunan da suka fito daga jikinta suke jefa inuwa, gini ya yi kamar zai yi magana. A bar rana a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Lokacin hazo kuma, hoton nesa ba ya fita, gara a matsa kusa. A riƙa goge idon wayar da ƙyalle mai laushi, don ƙura ita ce ke sa hoto ya yi dishi-dishi, ba arhar waya ba.

Dabba kuwa haƙuri take so. Ragon layya, ko doki, ko tantabaru a bakin akurki, in ka ɗauke su kana tsaye, sai su fito ƙanana, kai babba, ƙafafu gajeru. Durƙusa, ka daidaita da idon dabbar, ka jira ta juyo da kanta. Haka abin yake ga raƙuman dawa na Kure, kilomita kamar 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma: a 1996 ba su wuce 50 ba, daga baya suka haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a 2018. Tun bayan harin da ya halaka mutum 8 a yankin cikin watan Agusta 2020, baƙi sun rage zuwa, don haka manomin da raƙuman suke ratsa gonarsa ya fi kowa damar ɗaukar su.

Game da mutane, ladabi ya riga hoto. A yi sallama, a nemi izini, musamman ga mata da tsofaffi, kuma wanda ya ce a'a, a ƙyale shi. Wuraren soja da na tsaro kuwa, kada ma a nuna musu waya.

Saura batun ajiya, kuma nan ne na ƙone hannuna. Na taɓa tara hotunan gidanmu na ƙauye har na shekara uku a cikin waya guda, ciki har da na kakata tana kaɗi a gindin bedi. Aka zare wayar daga aljihuna a tasha. Tsohuwar ta rasu da damina mai zuwa, ɗakinta kuma an rushe shi an yi na siminti. Tun daga nan, duk ƙarshen wata nakan zaɓi hoto 10 in kai a wanke mini a takarda, in rubuta a bayan kowanne da fensir sunan wurin, da ranar, da sunayen mutanen da ke ciki. Sauran kuma nakan aika wa ƙanena da ke Tawa, don su kwana a waya biyu.