Tiyon gazuwal: a sa shi inda ya dace

Direbobin Madarunfa masu bin hanyar Gabi da Land Cruiser, ku saurara. Wasu sun ƙara ma motarsu tanki na biyu. Tiyon gazuwal ya ƙara tsawo ke nan. In ya tsage, iska ta shiga, sai inji ya mutu cikin daji.

In za ku canza shi, kada ku sa tiyon ruwa, gazuwal yana cin shi. Ku sayo na mai a Maraɗi. Ku bi da shi ta jikin shasi, nesa da salansa mai zafi. Kada ya yi lilo, kututture zai fizge shi. Inda yake gogar ƙarfe, ku naɗa roba. Bayan haka ku yi ta danna ɗan famfon hannu har iska ta fita, sannan ku ta da mota.