Giwayen Zakouma da Karkandar da Ta Kasa Zama

A shekarar 2002 giwaye sun haura 4,000 a gandun dajin Zakouma da ke kudu maso gabashin Chadi. Zuwa 2010 sauran kusan 450. Mafarauta ne a kan dawakai, da yawansu daga wajen Darfur, suke shigowa da bindigogi don haure. Giwayen da suka tsira kullum a guje suke, sun dunƙule cikin garke ɗaya, haihuwa ma ta kusa tsaya musu, domin uwar da ba ta samu natsuwa ba ba ta raino.

A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa gandun ga ƙungiyar African Parks. Abin da aka fara yi ba ya da ƙayatarwa, amma shi ne aikin: masu gadi suka riƙa zama har cikin damina, lokacin da ruwa ke shafe hanyoyi giwaye su fita waje, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, aka ba ƙauyuka rediyon oba-oba don su sanar idan sun ga baƙin mahaya. Ba a samu wannan a arha ba, don a 2012 an kashe masu gadi shida a wani wuri da ake kira Heban suna sallar asuba. Duk da haka giwaye suka koma haihuwa, a 2018 an ƙirga 'ya'ya sama da 100.

Wani zai ce me ya sa a sha wannan wahala, tunda ana iya sayo dabba a kawo? Zakouma ta gwada. A 2018 aka kawo baƙar karkanda 6 daga Afirka ta Kudu, huɗu suka mutu cikin watanni, kuma ba harsashi ya kashe su ba, cimar dajin ce ba ta karɓe su ba. Tsare abin da ya saura ya fi maido da wanda ya ɓace sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙorafin makiyayan yankin ya fi waccan tambayar nauyi: an killace ciyawa da mashaya, su kuma ina za su nufa? Gaskiya ne, kuma gandun da ya mai da makiyayi abokin gaba ya toshe kunnensa da kansa, tunda makiyayin ne ke fara ganin sawun mafarauci. Don haka makaranta, asibiti da burtalin da ba a tare ba suna cikin kuɗin tsaro. Gandun Yankari na Bauchi ma, inda wasu daga cikin ragowar giwayen Najeriya ke fama da gonakin da ke matso su, lissafin da ke gabansa ke nan.