Turaren Ɗanyen Ganye, Mai Araha Ba Na Yarwa Ba

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kwashe masara da dawa, aka tsince auduga aka kai ma'auni, ba a rasa manomin da zai ratsa wurin mai turare kafin ya koma gida. To, a nan gardama take. Mai tebur zai miƙa masa 'yar kwalba mai ƙamshin ɗanyen ganye, shi kuwa sai ya kau da kai, wai wannan na yara ne, a ba shi udu. Alhali kuwa da ya san asalin kowannensu da bai yi gaggawar raina na farko ba.

Shi wannan ƙamshi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa murza ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannu, ko ya yanki tsabre da lauje da sanyin safiya bayan an kwana ana ruwa, ya riga ya san shi. Ƙamshi ne mai sanyi, da ɗan kaifi a hanci, yana wartsakar da mutum, ba ya hawa kai. Larabawa suna kiran irin waɗannan tsirrai raihani, har ma ya zo cikin Sahihu Muslim an hana mayar da kyautarsa, aka kuwa kafa dalili da daɗin ƙamshinsa da rashin nauyinsa.

Dalilin araharsa a fili yake. Ganye ne da ciyawa, kamar na'ana'a da dangin tsabre, ana yanka suna sake tohowa. Sai a dafa su a tukunya, tururi ya ɗebo man da ke ciki, a tara. Wani sashi kuma a ma'aikata ake harhaɗa shi. Amma udu na gaskiya daga wani itace ake samunsa a Asam ta ƙasar Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, kuma ba kowane itace ke ba da shi ba, sai wanda ya kamu da ciwo ya shekara da shekaru yana tara ƙaro. Domin haka da tola ake auna shi, watau wajen giram 12, kamar zinariya. Wanda duk aka ba shi kwalba cike a kan kuɗin tiyar masara aka ce masa udu ne, lalle suna kawai ya saya. Shi kuwa mai ƙamshin ganye bai ari rigar kowa ba.

Aibinsa guda ne, kuma ba a ɓoye shi: ba ya daɗewa. Man ganye ba shi da nauyi, zafi kuwa yana gaggauta tashinsa, balle a bazara. Saboda haka gwanayen haɗi sukan ɗaure shi da man saiwar jema, ciyawar nan da danginta ke fitowa a fadama. Mutanen Kanauj ta Indiya sun daɗe suna tatsarsa, suna ce masa khus, ƙasar Haiti kuwa tana cikin manyan masu fitar da shi zuwa duniya. Amma fa ko rashin daɗewar nan yana da ranarsa, gama turare mai nauyi in ya gamu da gumi cikin sahu ran Juma'a, na kusa ne ke shan wahalarsa.

Har wa yau, na mai ya fi na fesawa zama a jiki, kuma ya kuɓutar da mutum daga saɓanin malamai a kan sinadarin giya da ake narka na fesawa da shi. Da haka Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Ingila ya fito da shi a 1920, ya shiga gidajen talakawa, ko da yake shi nasa ƙamshin na furanni ne.

Wanda zai saya, kada ya tsaya ga sunsunar murfi. Ya ɗiga a bayan hannu, ya tafi ya gama cefanensa, sa'an nan ya sake sunsunawa. In ya ji saura mai kamar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, an ɗaure shi da kyau, ya koma ya biya. In ya kai gida ya toshe bakin kwalbar sosai, ya sa ta cikin akwatin tufafi inda rana ba ta kaiwa.