Abin da Ya Hana Talabijin Ɗin Holografi Shiga Kasuwa

A 1947 ne Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari mazaunin Ingila, ya gano holografi, wato ɗaukar hoto mai zurfi kamar abin yana tsaye a gabanka. Wannan aiki ya sama masa kyautar Nobel a 1971. Amma har yau talabijin ɗin holografi bai shiga kasuwa ba, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne ƙuncin wurin kallo. Da ka gusar da kai gefe kaɗan, sai hoton ya ɓace.

Allon holografi lanƙwasa hasken leza yake yi, har hasken ya iso ido tamkar daga jikin wani abu ya taso. Iyakar lanƙwasar kuwa ta dogara ga ƙanƙantar ɗigogin allon. Tsawon igiyar koren haske bai wuce rabin maikiron ba sai kaɗan, shi maikiron kuma kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Allon da ɗigonsa ya kai maikiron 8, kusurwar digiri 4 kacal yake bayarwa, alhali idanun mutum biyu suna ɗaukar sama da 180. Ana iya buɗa kusurwar da gilashin lensi, sai dai hoton zai tsuke daidai gwargwado. Gajeren bargo ke nan: ka rufe kai, ƙafa ta fito.

Shi ya sa masana suka koma wa dabara. A 2017, masu bincike a cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu suka ɗora gilashi mai warwatsa haske a gaban allo, kwamfuta ta lissafa yadda warwatsin zai haɗu ya zama hoto. A 2020, Samsung ya nuna siririn allo mai bin idon mai kallo, yana karkata hasken zuwa inda idon yake. A 2024 kuma, Jami'ar Princeton da kamfanin Meta suka ƙera wani gilashi da kwamfuta ta tsara zanensa, wanda ya ninka girman wurin kallo sau 64.

Kowace dabara da tsadarta: lissafi mai nauyi, dishi-dishi a hoto, ko mai kallo ɗaya tak. Saboda haka alamu na nuna tabarau mai holografi ne zai riga talabijin zuwa hannun jama'a, domin a can ido yana wuri guda, ba sai an raba hasken ga ɗaki cike da mutane ba.