Rigar Matashi Mai Bakin Ambulan: Ɗinkin Da Ba Ya Buƙatar Zif

A ƙauyukan Boɗinga da Shagari, irin su Mandera, matashin kai na shan wahala duk shekara. Da bazara, a watan Afrilu, zafin Sakkwato kan haura digiri 40, gumi da man kitso su jiƙa shi. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe shi. Matashin da aka cusa wa audugar rimi ba ya son wanki, sai dai a shanya shi a rana. Ke nan rigarsa ce ke tare dauɗa, ita ya kamata ta riƙa fita cikin sauƙi.

A nan ne ɗinkin bakin ambulan ya fi sauran. Bakuna biyu na yadin ne ke hawa kan juna a bayan matashin, su rufe shi ba zif, ba maɓalli. Zif yakan yi tsatsa ko ya tsinke bayan 'yan wanke-wanke, maɓalli kuma yaro na iya cire shi ya kai baki.

Ga lissafin. Idan matashin inci 20 ne a faɗi, inci 30 a tsawo, sai a yanka ƙyalle mai faɗin inci 21 da tsawon inci 72, wato yadi 2. Faɗin atamfa ya haura inci 42, don haka yadi 2 na fitar da riga biyu. A fara wanke yadin kafin a sa almakashi, domin auduga na tsukewa a wankin farko.

Sai a kalmasa gajerun bakunan biyu, inci ɗaya-ɗaya, a ɗinke. A shimfiɗa ƙyallen fuskarsa na kallon sama, a naɗo gefe biyun zuwa tsakiya har tsawon ya koma inci 30. Bakunan za su hau juna da inci 10. Kada a yi rowar wannan hawan, in ya gaza, bakin zai riƙa wangalewa, cikin matashin ya leƙo. Daga nan a bi dogayen gefuna biyu da ɗinki, a bar rabin inci, sannan a juya rigar. Keken Butterfly na ƙafa ya wadatar, zare da allura ma na yi.

Yadin auduga ya fi dacewa, domin yana shan gumi, mai roba kuwa ƙara zafi yake yi. Akwai kuma batun lafiya: makero, cutar nan da ke cin gashin kan yara, yana yaɗuwa ta hanyar yin tarayya a matashi da mataji.

Saboda haka, uwargida, a tanadar wa kowane matashi riga biyu, ɗaya na jiki, ɗaya na kan igiya, a riƙa sauyawa duk mako, kuma kowane yaro ya kwana a kan nasa.