Shinkafa Mai Ido da Baki: Yadda Iyaye Mata a Japan Ke Zana Hoto da Abincin Yara

Da asuba, kafin yara su tashi, wata uwa a birnin Tokyo tana tsaye a ɗakin girki da ɗan almakashi a hannu. Gabanta akwai dunƙulen shinkafa guda biyu, babba da ƙarami, ta matse su cikin leda har suka yi sumul kamar malmalar tuwo. Ta ɗauko busasshen ganyen teku mai kama da baƙar takarda, wanda suke kira nori, ta yanko ɗigo biyu da ɗan siririn layi. Da hantsaki take ɗora su, don yatsa ya yi musu girma. Ɗigon biyu suka zama idanu, layin ya zama baki, ta ɗiga jan tumatir a kumatu. Cikin minti kaɗan sai ga fuskar ɗan beyar yana murmushi daga cikin akwatin abinci, an kewaye shi da koren ganye da karas da aka yanka kamar furanni.

Wannan shi ne abin da Japanawa ke kira kyaraben. Kalmar haɗi ce ta sunaye biyu: ɗaya na nufin taurarin zanen yara na talabijin, ɗayan kuma bento, wato abincin da ake shiryawa a ɗan akwati a tafi da shi makaranta ko wurin aiki. Yara sukan buɗe akwatinsu su tarar da irin waɗannan taurari, kamar Pikachu ko Hello Kitty ko Totoro, dukansu na shinkafa da ƙwai da kifi da ganye.

Shi bento tsohon abu ne a ƙasar. A zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, masu zuwa kallon wasan kwaikwayo sukan ci wani irinsa mai suna makunouchi a lokacin hutun da ake yi tsakanin fitowa da fitowa. Akwai kuma wanda ake kira hinomaru: farar shinkafa zalla, a tsakiyarta a dasa jan ɗan itace guda mai tsami da aka adana da gishiri, sai abin ya fito sak tutar Japan. Ke nan tun da daɗewa sun saba da cewa akwatin abinci na iya zama hoto. Tun kafin a fara yayin taurarin talabijin, iyaye mata kan yanka tuffa su bar ɓawonta a tsaye kamar kunnuwan zomo, su tsattsaga gindin sosej ta yadda in ya soyu zai buɗe kamar halittar tekun nan mai hannaye takwas. Abin ya ƙara bunƙasa ne bayan shekara ta 2000, lokacin da intanet da wayoyi masu kyamara suka ba kowace uwa damar nuna wa duniya abin da ta shirya da safe.

Sirrin aikin yana cikin shinkafar. Irin tasu gajeriya ce mai danƙo, dangin wadda muke tuƙa tuwo da ita, shi ya sa take riƙe duk siffar da aka ba ta. Da doguwar shinkafa mai warwara ce, da kunnen beyar bai kai makaranta ba. Launi kuma daga abincin kansa ake samo shi: gwaiduwar ƙwai ta ba da rawaya, tumatir ya ba da ja, ganye ya ba da kore, nori ya ba da baƙi, shinkafa da cuku su ba da fari. Waɗannan launuka biyar tsohuwar ƙa'ida ce a girkin Japan, kuma akwai hikima a ciki. Uwar da ta dage sai ta cika su biyar, ko ba ta karanta ilimin gina jiki ba, za ta tarar ta haɗa hatsi da nama da kayan lambu a akwati ɗaya. Kantunan da ke sayar da kaya kan yen 100 na kuɗin Japan cike suke da kayan wannan sana'a: 'yan kwanonin matse shinkafa, abin huda nori mai fitar da ido da baki a matsi ɗaya, da tsinkaye masu kan dabbobi.

Me ya sa ake wannan wahala? Duk wadda ta yi reno ta san yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ƙyamar abincin da bai saba da shi ba, musamman ganye. Masana halayyar yara sun daɗe da lura cewa tilas ba ta cika yin magani ba, abin da ke aiki shi ne a yi ta gabatar masa da abincin cikin daɗin rai har ya saba. Karas ɗin da aka ture jiya, in ya dawo yau a matsayin hancin zomo, sai a cinye shi ana dariya. Ita ma gwamnatin Japan ta ɗauki tarbiyyar cin abinci da muhimmanci, har ta kafa mata doka a 2005 da sunan shokuiku.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata masaniyar al'adu 'yar Amurka, Anne Allison, wadda ɗanta ya yi makarantar renon yara a Tokyo, ta yi rubutu a 1991 kan yadda akwatin abinci ya zama ma'aunin da ake auna uwa da shi. Ana sa ran yaro ya cinye komai tas, malamai kuma suna lura da abin da aka zubo masa. In haka ne tun kafin zuwan hotunan waya, ina ga yanzu da yaro zai leƙa akwatin ɗan'uwansa ya ga Pikachu, nasa kuwa shinkafa ce kawai? Uwar da ke fita aiki da sassafe ba ta da sa'a guda ta yanka ido da gira. Saboda irin wannan gasa ne wasu makarantun renon suka hana kyaraben baki ɗaya.

Akwai kuma batun tsafta. Bento ba a firiji yake wuni ba, kuma damunar Japan akwai zafi da gumi. Gwargwadon yawan taɓa abinci da hannu, gwargwadon yawan ƙwayoyin cutar da ke iya sauka a kansa. Shi ya sa gwanaye ke matse shinkafa ta cikin leda, su yi aiki da hantsaki, su kuma bari komai ya huce kafin su rufe, don kada tururi ya taru ya lalata abincin kafin tsakar rana.

Mu da aka rena da kashedin cewa ba a wasa da abinci, muna iya yi wa wannan al'ada kallon shiririta. To amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai naɗin dublan ko murɗa alkaki na garar amarya ya san mu ma ba mu yarda abinci ya fita gaban mutane babu ado ba. Abin da iyayenmu suka hana shi ne wulaƙanta abinci da barnatar da shi. Ita kuwa uwar nan ta Tokyo, ba ta fatan hoton da ta ɓata asubarta a kai ya daɗe. Da yamma in yaron ya dawo, abu na farko da za ta yi shi ne ta buɗe akwatin. In ta tarar da beyar yana nan da murmushinsa, ranar ta yi asara. In kuwa ta tarar babu ko ƙwayar shinkafa, har koren ganyen da ke gefe ya tafi, sai ta wanke akwatin ta kife, ta fara tunanin dabbar gobe.